Tsakanin gaiwa da karfasa da saniya, wa ye bare?

Akwai wata tambaya da masana halittu suka daɗe suna ɗaure wa ɗalibai kai da ita, nima ranar da na fara cin karo da ita sai da nace wannan ai rainin hankali ne. Wai a jera maka gaiwa da karfasa da saniya, ace ka ware biyun da suka fi kusancin jini. Kowa zai ce gaiwa da karfasa mana, duk kifi ne, duk a ruwa suke, ita saniya me ya kawo ta cikin zancen. To amsar ba haka take ba. Gaiwa da saniya ne 'yan ɗaki ɗaya, karfasa ce bare. Masanan da suka yi ta wannan musu a ƙarshen shekarun 1970 da kifin salmon suka buga misalin ba karfasa ba, amma lissafin bai canza ba ko kaɗan.

Dalili kuwa shine su ba kama suke bi ba wajen ƙirga zumunta, kama da wane ai ba ta wane. Abin da suke tambaya shine waɗannan biyun a wane kaka suka haɗu, kuma yaushe suka raba hanya. Wani Bajamushe mai nazarin ƙwari, Willi Hennig, shi ya tsara wannan hanyar a 1950, yace kar a haɗa halittu gida ɗaya dan kawai suna da wani tsohon abu da kowa ya gada, a duba sabon abin da su kaɗai suka gada daga kaka ɗaya. Zama a ruwa da fiffike da ɓamɓaroki duk tsohon gado ne, bai raba gardama. Kamar kace mutum biyu wa da ƙani ne sabida kowannensu yana da hanci.

Kifaye masu muƙamuƙi da suke raye yau gida biyu ne. Akwai masu guringuntsi, wato su shak, mafaraucin kifin nan na teku, da 'yan uwansu masu faɗin nan da suke shimfiɗe a ƙasan teku, su duka jinsinsu wajen 1,200 ne. Sai masu ƙashi, waɗanda suka haura jinsi 30,000, kusan rabin duk wata dabba mai ƙashin baya a duniya kenan. In kana son bambance su da ido ka duba gefen kai. Shak tsaguna ne a jere, biyar zuwa bakwai, a buɗe. Shi kuwa mai ƙashi marfi ɗaya gare shi da ya rufe jajayen abubuwan numfashin nan, yana ɗagawa yana saukewa kamar famfo, shi yasa zai iya tsayawa cak a wuri ɗaya yana numfashi abinsa. Sannan a cikinsa akwai jakar iska, wacce zan dawo kanta dan ita ce ta fi ba ni mamaki a duk labarin.

An daɗe ana koyar da cewa shak shine tsohon yayi, wai da guringuntsi aka fara sannan ƙashi yazo daga baya. Duwatsun yankin Yunnan na ƙasar Sin suka zo suka birkita wannan karatu. A 2009 aka bayyana wani kifi da ya koma dutse mai suna Guiyu, ma'anar sunan da Sinanci fatalwar kifi, tsawonsa bai fi santimita 33 ba, shekarunsa wajen miliyan 420, kuma kifi ne mai ƙashi sosai. A 2013 kuma aka fito da Entelognathus daga wannan yankin dai, shi jikinsa irin na tsoffin kifayen nan ne masu sulken ƙashi da suka ƙare tuntuni, amma ƙasusuwan bakinsa irin na kifaye masu ƙashi ne. Kenan ƙashi ya riga rabuwar gidajen biyu, shak ba wai bai kai ga samun ƙashi bane, kakanninsa suna da shi, zubar da shi suka yi.

Tun a wancan lokacin su kansu masu ƙashin sun riga sun dare gida biyu, kuma a fiffike ake gane su. Ka ɗaga fiffiken karfasa ko tarwaɗa ka haska shi, zaka ga fata ce siririya an ɗame ta a kan wasu tsinkaye kamar mafici, tsokar da take motsa shi tana can cikin jiki. Waɗannan sune masu fiffiken tsinke. Ɗaya gidan kuma fiffikensu dunƙulen tsoka ne da ya fito daga jiki kamar guntun hannu, a ciki akwai ƙashi ɗaya babba da ya haɗu da kafaɗa, sai biyu su biyo shi, sai ƙanana a gaba. Ɗaya, biyu, sannan tarin ƙanana. Je ka duba ƙafar gaba ta saniya ko ta ƙadangare ko fiffiken kaza, tsarin kenan. A nan gaiwa da saniya suka haɗu, duk da ita gaiwar Afirka nata fiffiken ya sirance ya koma kamar igiya.

Yanzu batun jakar iska. Mafi yawan kifaye suna da wata 'yar balan-balan a ciki wacce suke ƙara mata iska ko su rage dan su tsaya a zurfin da suke so ba tare da sun nutse ko sun taso ba. Hankali zai ba ka cewa wannan jakar ce daga baya ta koma huhu da aka fito tudu, kuma shi kansa Darwin haka ya zata ya rubuta. Ashe a juye abin yake. Huhu ne ya riga, jakar ce ta samu daga baya. Hujja tana nan a raye: gartsa, kifin Afirka mai jerin ƙananan fiffike a gadon baya da ɓamɓaroki mai tauri kamar sulke, shine reshen da ya fara ɓallewa a cikin masu fiffiken tsinke da suka rage, kuma huhu biyu gare shi, yana tasowa ya shaƙi iska. Tunda gartsa a wannan gida yana da huhu, gaiwa a wancan gida tana da huhu, to kakan da ya haɗa su ma yana da shi. Wato kifi ya yi huhu tun yana cikin ruwa, dan ya tsira a ruwan da iskarsa tayi ƙaranci, ba dan yana shirin fita tudu ba.

Gaiwa ita ta kai wannan abu maƙura, har ta kai in ka hana ta tasowa ta shaƙi iska nutsewa zata yi ta mutu, kifi guda fa, ruwa ya ci shi. In rani yayi ruwa ya fara janyewa sai ta haƙa rami a cikin taɓo, ta naɗe jikinta wutsiya ta rufe kai, ta fitar da majina mai yawa wacce zata bushe ta zama kamar leda ta lulluɓe ta, ta bar 'yar ƙofa daidai baki inda iska take shiga. Bugun zuciya ya ragu, komai na jiki ya lafa, fitsarin ma ta daina zubarwa sai dai ta mai da shi wani sinadari mara dafi sosai ta tara a jiki har ruwa ya dawo. Abinci kuwa tsokar jikinta take narkarwa a hankali, kaga maganar nan da ake yi ta gaiwa mai cin jikinta ba ƙarya a ciki. A ɗakin gwaji an ajiye ta a haka sama da shekara uku, aka zuba ruwa ta farka.

A zamanin da ake kira Debon, daga shekara miliyan 419 zuwa 359 da suka wuce, masu fiffiken tsoka sune manyan gari, su ne manyan mafarauta a koguna da bakin teku, masu fiffiken tsinke kuwa 'yan ƙanana ne a gefe ba wanda ya damu da su. Daga cikin masu tsokar ne wani reshe ya fara rarrafe a ruwa mara zurfi. Wani masani ɗan Amurka, Neil Shubin, da abokan aikinsa sun yi lissafi suka ce in akwai halittar da take tsakanin kifi da mai ƙafa huɗu to a duwatsu masu shekara wajen miliyan 375 za a same ta, kuma a inda tsohon kogi ya bi, suka duba taswira suka nufi tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada, suka yi ta zuwa suna dawowa hannu rabbana har sai 2004 suka dace. Tiktaalik kenan: yana da ɓamɓaroki da fiffike kamar kifi, amma kansa a baje kamar na kada, yana da wuya da zai iya juya kai, haƙarƙarinsa masu kauri, cikin fiffiken kuma akwai gaɓa mai kama da wuyan hannu. Sai dai kar a ɗauka shine kakan kai tsaye, dan a 2010 an bayyana sawun wata dabba mai ƙafa huɗu a Folan wanda ya girmi Tiktaalik da shekaru miliyoyi. Ɗan uwan kaka ne dai da ya riƙe tsohuwar siffa.

Yau a cikin ruwa jinsi takwas kacal suka rage wa wannan babban gida. Gaiwa shida, huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Sai wani babban kifin teku mai suna silakant, jinsi biyu, wanda labarinsa ya fi ƙarfin a wuce shi da gudu. Masana sun san shi a dutse kawai, sun gama yanke cewa ya ƙare tare da su dainaso shekara miliyan 66 baya. Ranar 22 ga Disamba 1938 wata matashiya mai kula da ƙaramin gidan tarihi a garin East London na Afirka ta Kudu, Marjorie Courtenay-Latimer, taje duba abin da wani jirgin kamun kifi ya kwaso, sai ta hango wani shuɗin fiffike a ƙarƙashin tulin kifaye, ta jawo, sai ga kifi mai tsawon wajen mita ɗaya da rabi da fiffike kamar hannaye. A tasi ta ɗauko shi. Ta rasa inda zata sa shi a sanyi, ga zafin Disamba na can, ta zana hotonsa ta aika wa wani malamin jami'a J.L.B. Smith wasiƙa, kafin amsarsa ta iso cewa a adana kayan cikin tuni sun ruɓe an zubar, fata da ƙashi kawai aka tsira da su. Smith ya shekara 14 yana neman na biyu, har da raba takardu da alƙawarin ladan fam 100, sai a Disamba 1952 aka kama wani a tsibiran Komoros, sai da firaministan Afirka ta Kudu ya ba shi jirgin soja yaje ya ɗauko. Jinsi na biyu kuma a Indonesiya ya ɓulla a ƙarshen shekarun 1990.

Takwas a kan dubu talatin, sai kace wannan gidan ya mutu. Amma in dai da dokar Hennig za a bi, duk wanda ya fito daga gida ɗan gida ne ko ya yi ƙaura, kenan kwaɗi da macizai da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa duk a wannan reshen za a ƙirga su, su ma kuma sun haura jinsi 30,000. Sai sikelin ya dawo kusan daidai, ɗaya ya cika ruwa ɗaya ya cika tudu. Shi yasa masana da yawa suke cewa kalmar kifi sunan sana'a ce kawai ba sunan dangi ba.

Mu dawo kan masu tsinke. Su ma bishiyarsu a karkace take. A gindi akwai wasu tsoffin gidaje da suka kusa zama kufai: gartsa da ɗan uwansa mai kama da maciji, jinsi goma sha wani abu, sai su stajin, manyan kifayen kogunan arewacin duniya, da danginsu masu dogon hanci kamar cokali, wajen 27, waɗanda su ma yawancin ƙashinsu ya koma guringuntsi, sai kifin gaa mai bakin kada guda 7 da bofin na Arewacin Amurka. Ka tara su duka da ƙyar su wuce 50. Ɗaya daga cikinsu ma, mai dogon hancin kogin Yangtze, a 2022 aka tabbatar ya ƙare. Duk sauran, wajen kashi 96 cikin 100 na kifayen duniya, gida ɗaya ne da ake kira teliyos.

Me teliyos suka samu da sauran basu samu ba? Abu na farko baki. A tsoffin kifaye ƙashin leɓen sama a manne yake da ƙoƙon kai, sai dai a buɗe a rufe kamar almakashi. A teliyos ya saki, yana motsi, a da yawansu ma bakin yana zamowa gaba ya zama kamar bututu, a lokaci guda maƙogwaro ya buɗe marfin gefe ya bankaɗe, sai ruwa ya ruga ciki da duk abin da ke cikinsa. Ba cizo bane, zuƙa ce, kuma tana faruwa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan can cikin maƙogwaro akwai wani muƙamuƙin na biyu mai haƙora da yake niƙa, kaga an raba aiki, na waje ya kamo na ciki ya tauna, kowanne zai iya canza siffa ba tare da ya ɓata wa ɗayan aiki ba. Wani kifi mai kama da maciji da yake zama a ramukan duwatsun teku ma nasa na cikin har tasowa yake ya cafko abin ya ja shi ciki. Ƙari a kan haka wutsiyarsu sama da ƙasa daidai take, ɓamɓarokin ya yi sauƙi ba irin sulken gartsa ba, jakar iska ta ɗauke wa fiffike aikin riƙe jiki, sai fiffiken ya samu sukunin zama birki da sitiyari.

Akwai kuma abin da ido baya gani. Kakan teliyos ya ninka dukkan kundin gadonsa, wato DNA ɗinsa gaba ɗaya ya zama kwafi biyu, ɗaya yaci gaba da tsohon aiki ɗayan ya samu damar canzawa. Mutane suna son su ce wannan shine sirrin, ni dai ban gamsu da cewa shi kaɗai bane. Su stajin ma sun ninka nasu amma ga su nan basu kai talatin ba. Kuma tsakanin ninkawar da lokacin da jinsuna suka yi ambaliya akwai shekaru miliyoyi masu yawan gaske. Kayan aiki daban, samun filin da za a yi aikin daban.

Su teliyos rassa uku suka yi tun farko. Na ɗaya su kifin il masu kama da maciji da su tafon, wani babban kifin teku, a ido ba abin da ya haɗa su, amma 'ya'yansu duka iri ɗaya ne, sirara fayau kamar ganyen gilashi, kuma il na kogunan Turai sai ya ratsa Atilantika ya tafi tekun Sagaso yake hayayyafa. Na biyu masu ƙashi a harshe, su arapaima na Amazon da yauni da kifayen Afirka masu baki kamar haurin giwa. Na uku kuma kowa da kowa. An shekara da shekaru ana musun wanne ya fara ɓallewa tsakanin na ɗaya da na biyu, sai binciken DNA na 2023 yace duk kun faɗi, su biyun wa da ƙani ne, tare suka ɓalle.

Wani abu da yake ɗaure kai shine ruwan koguna da tafkuna bai kai kashi 1 cikin 100 na ruwan duniya ba amma kusan rabin jinsin kifaye a ciki suke, Amazon kaɗai yana da sama da 2,000. Dalili ɗaya shine teku a haɗe yake, koguna kuwa a rarrabe, kowane kwari kamar tsibiri ne, ƴan uwa su rabu shekara dubbai kowa ya kama gabansa. Kuma wajen kashi biyu cikin uku na kifayen ruwan daɗi dangi ɗaya ne, su tarwaɗa da ƙurungu da minjirya da tsage da kifin da ake kira kaf na Asiya da firana na Kudancin Amurka. Abin da ya haɗa su wasu 'yan ƙasusuwa ne da suka ɓalle daga gaɓoɓin farko na ƙashin baya suka sada jakar iska da kunnen ciki, jakar ta zama kamar ganga tana amsa sauti tana miƙawa, wani masani Bajamushe, Ernst Weber, ne ya bayyana su a 1820. A ruwa mai laka inda ido bai da amfani, mai kunne shine sarki. Wutar lantarki ma haka, ta ɓulla a kifaye aƙalla sau shida ba tare da wani ya gada daga wani ba. Masu haurin giwa na Afirka da masu siffar wuƙa na Kudancin Amurka kowanne da kansa ya koyi lalube da hira da wuta mara ƙarfi, sai wani ɗan uwan na Amurkan mai kama da maciji ya wuce gona da iri, an auna wani jinsinsa yana sakin wuta mai ƙarfin bolt 860.

Ambaliya ta ƙarshe ta masu ƙaya ce, waɗanda tsinkayen gaba na fiffiken bayansu suka zama ƙaya mai tsini da suke miƙewa in an taɓa su. Sun haura jinsi 18,000. Suna nan tun zamanin dainaso amma ba su da yawa, sai da dutsen nan ya faɗo daga sama shekara miliyan 66 da suka wuce ya share manyan mafarautan teku, fili ya buɗe, suka bazu. A Bolka kusa da Berona a Italiya akwai duwatsu masu shekara wajen miliyan 50 da kifaye suke kwance a ciki kamar an buga hoto, wasu har da alamar zanen jiki, kuma yawancin siffofin da ake gani a tekun yau sun riga sun bayyana a wurin. A can ne ma aka warware wata tsohuwar gardama kan kifayen nan masu kwanciya a gefe ɗaya da idanu biyu a ɓangare guda. Ɗansu yana ƙyanƙyashewa da ido ɗaya a kowane gefe kamar kowa, yana girma ido ɗaya yana tafiya ta saman kai har ya sauka kusa da ɗan uwansa. Masu suka sun ce rabin wannan tafiya ba ta da amfani, dan haka ba yanda za a yi ta faru sannu a hankali. A 2008 wani masani, Matt Friedman, ya sake duba wasu kifayen Bolka da suka daɗe a ajiye a gidajen tarihi, ya tarar da manya ne ba yara ba, kuma idonsu ɗaya ya taso ya tsaya a kusa da tsakiyar kai bai ƙarasa ba.

Sabida sun rabu da sauri haka, gano wa ya haifi wa a cikinsu ya gagari masu duba ƙashi, har wani masani ya kira wurin da cukurkuɗaɗɗen dajin da ke saman bishiya. Da DNA ya shigo sai aka ga abin dariya. Kifin zurfin teku mai fitila a goshi ashe ɗan uwan talibamban ne mai kumbura. Mai kwanciya a gefe ɗan uwan mai takobi a baki ne da ɗan kifin nan mai mannewa a jikin shak. Shi kuma mai takobin da kifin tuna, da kowa ya ɗauka gida ɗaya ne dan siffarsu ɗaya kuma dukansu suna ɗumama wani sashe na jikinsu, ashe gudu a buɗaɗɗen teku ne ya sa suka yi kama, bincike da dama ma ɗan kifin nan mai kan doki wanda namiji yake ɗaukar ciki suka ajiye kusa da tuna.

Girman ma abin ya wuce misali. Akwai wani a fadamun Sumatra da macensa ta balaga a milimita 7.9, akwai kuma ɗan uwan talibamban da aka tsinta a gaɓar tsibiran Azores a 2021 mai kilo 2,744. A tekun Antatika akwai masu sinadarin hana daskarewa a jini, wasunsu ma jinin fari ne tas ba jan sinadarin ɗaukar iska. A 2022 kyamara ta ɗauki wani a zurfin mita 8,336 kudu da Japan.

Ita kuwa karfasar da muka mayar bare a farko, danginta da ake kira siklid su suka fi kowa nuna yanda jinsi yake haihuwar jinsi. Tafkin Tanganyika yana da wajen 250, na Malawi kiyasi ya kai 800 zuwa 1,000, kusan duka ba a samunsu ko'ina sai nan. Akwai mai kankare gansakuka a dutse, mai fasa dodon koɗi da muƙamuƙin maƙogwaro, mai kwanciya a yashi kamar mushe har ƙananan kifaye su matso ya zabura. A Tanganyika akwai mai cin ɓamɓarokin wasu, bakinsa a karkace, wasu dama wasu hagu, mai bakin dama ta hagu yake kai hari, in irinsa suka yi yawa sai kifaye su koyi tsare wannan gefen sai ɗaya ɓangaren su samu kasuwa, haka adadin yake ta lilo shekara da shekaru. Tafkin Biktoriya kuma shine abin al'ajabin, dan alamu sun nuna ya ƙafe ƙaf wajen shekara 15,000 da suka wuce, amma ya tara jinsi wajen 500, kuma DNA ya nuna asalinsu gaurayen zuri'a biyu ne, ta yankin Kwango da ta Nilu, gaurayar ce ta basu tarin kayan gado da aka yi ta jujjuyawa. Abin da yake raba jinsi da jinsi a can sau da yawa launi ne kawai, mace tana zaɓar ja ko shuɗi gwargwadon yanda idonta yake gani a zurfin da take zaune.

A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a tafkin, ya yi shiru na wani lokaci, a shekarun 1980 ya yi yawa ya hau cinsu, jinsi wajen 200 suka ɓace. Wasu kaɗan sun sake ɓullowa daga baya. Wasu kuma ba cinye su aka yi ba, ruwan ne ya gurɓace da dattin gonaki da garuruwa ya yi duhu, mace ta daina bambance ja da shuɗi ta karɓi duk wanda yazo, a wuraren da ruwan ya fi dauɗa jinsi biyu da suka rabu suka koma suka narke suka zama ɗaya.